Kiranyen Motoci: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2014, kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya aika wa mutanen da suka sayi sabuwar motarsa mai suna 911 GT3 wani saƙo da ba a saba ji daga bakin ɗan kasuwa ba. Ya ce musu su ajiye motar, kada su sake tuƙa ta har sai an gama bincike. Dalili kuwa shi ne biyu daga cikin motocin sun kama da wuta, ɗaya a ƙasar Suwizalan, ɗaya kuma a Italiya. Bayan 'yan makonni kamfanin ya bayar da sanarwar cewa zai cire injin kowace mota daga cikin motoci 785 da abin ya shafa, ya ɗora mata sabo fil, ba tare da mai mota ya biya ko sisin kwabo ba.

Irin wannan mataki shi ake kira kiranye, wato kamfanin da ya ƙera kaya ya nemi a dawo masa da su domin ya gyara wani aibi da ke iya cutar da mutane. Da yawa daga cikin jama'a suna ɗaukar kiranye a matsayin abin kunya, suna ganin alama ce ta cewa kamfanin bai iya aikinsa ba. Wannan maƙala tana da ra'ayi dabam. Kiranyen da aka yi da wuri aiki ne na kimiyya tsantsa, kuma kamfanin da ya cancanci zargi shi ne wanda ya san aibin kayansa ya ɓoye.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Inji

Domin a fahimci yadda mota mai tsadar gaske za ta kama da wuta, ya kamata ɗalibi ya ɗauki biro da takarda. Injin 911 GT3 yana iya juyawa har sau 9,000 a cikin minti ɗaya. Idan aka raba wannan adadi da 60, za a samu juyi 150 a kowace daƙiƙa. A kowane juyi fistin yakan hau ya sauko, wato yakan tsaya cak ya sauya alkibla sau biyu. Ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya tal, kowane fistin yana tsayawa ya juya baya sau 300.

Akwai wata ƙa'ida a ilmin fiziks da ke ƙara wa lamarin nauyi. Ƙarfin fizgar da ke kan sandar da ta haɗa fistin da karanshaf yana ƙaruwa ne gwargwadon murabba'in saurin juyi. Idan aka ninka sauri sau biyu, fizgar za ta ninku sau huɗu. Motar gida a kan babbar hanya takan yi juyi wajen 3,000 a minti. Idan aka kai wannan inji ga juyi 9,000, sauri ya ninku sau uku, fizga kuwa ta ninku sau tara. Ƙarfe kuma yana gajiya. Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta tsinke ya ga haka da idonsa: kowace lanƙwasa tana barin ɗan tsagu da ido ba ya gani, har ranar da tsagun zai haɗe.

A injin Porsche, binciken ya nuna cewa notin da ke ɗaure wannan sanda ne ya sassauta. Da ya sassauta sai sandar ta fasa jikin injin, baƙin mai ya tsiyaya a kan sassa masu zafi, wuta ta tashi. Noti ne da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma shi ya jawo aka sauya injuna 785.

Makamancin haka ya sami kamfanin Ferrari na Italiya a shekarar 2010. Wasu daga cikin motocinsa samfurin 458 Italia sun ƙone, sai aka gano cewa gam ɗin da aka manna wata garkuwar zafi da shi a saman tayar baya yana kusa da salansa, kuma idan zafi ya tsananta yakan narke ya kama da wuta. Kamfanin ya kira motoci 1,248, ya cire gam ɗin, ya kafe garkuwar da ƙusoshin ƙarfe.

Me Ya Hana a Gano Tun Farko?

Mai karatu yana iya tambaya: ashe ba a gwada motocin kafin a kai su kasuwa? Ana gwadawa ƙwarai, sai dai gwaji yana da iyaka, kuma lissafi zai nuna iyakar. A ɗauka, alal misali, wani aibi yana bayyana a mota ɗaya cikin kowace 500. Idan injiniyoyi suka gwada motoci 50, lissafi ya nuna cewa kusan sau tara cikin goma ba za su ci karo da aibin ba ko sau ɗaya. Sai motocin sun shiga hannun dubban mutane, wasu a ƙasa mai ƙanƙara, wasu a hamada, wasu masu haƙuri da totur, wasu masu take shi har ƙasa, sannan aibin zai fito fili.

Masu nazarin magunguna sun daɗe da sanin wannan matsala. Ana gwada sabon magani a kan ɗaruruwa ko dubban mutane, amma illar da ba ta cika faruwa ba takan bayyana ne bayan miliyoyi sun sha. Shi ya sa hukumomi irin su NAFDAC suke ci gaba da sa ido a kan magani bayan an ba shi lasisi, kuma suke janye shi daga kasuwa idan ta kama. Kiranyen mota ɗan'uwan janye magani ne. A duka biyun, an samu sabuwar hujja, sai aka sauya hukunci domin ya dace da hujjar. Wannan shi ne abin da malamin kimiyya ke koya wa ɗalibansa a ɗakin gwaji tun daga aji ɗaya.

Bambancin Garanti da Kiranye

Mutane sukan gauraya waɗannan abubuwa biyu. Garanti alkawari ne tsakanin kamfani da mai saye cewa idan wani sashe ya lalace a dalilin kuskuren ƙira, za a gyara kyauta, amma a cikin ƙayyadadden lokaci ko tsawon tafiya. A Amurka, kamfanoni da yawa suna bayar da shekara 3 ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Garanti yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne masu motocin gudu suka fi samun saɓani da kamfanoni. Wanda ya shiga gasar tsere da motarsa, ko ya sauya tsarin kwamfutar injin domin ƙara masa ƙarfi, yana iya rasa haƙƙinsa a kan abin da wannan aiki ya lalata. Akwai adalci a nan, domin ba a tilasta wa kamfani ya biya ɓarnar da wani ya jawo. Amma akwai kuma abin dubawa: bai dace kamfani ya tallata mota da cewa an ƙera ta domin gudu ba, sannan idan ta lalace wajen gudun ya kafa hujja da ƙananan rubutun da ke bayan takarda. Porsche ya bi hanyar da ta fi kyau a shekarar 2017, lokacin da ya gano wata matsalar zaizayewa a cikin injin wannan samfuri na GT3, ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 ko mil 120,000.

Kiranye kuwa batu ne na tsaron rai, kuma doka ce ke tafiyar da shi. A Amurka tushensa yana cikin dokar tsaron motoci ta shekarar 1966, kuma hukumar NHTSA ce ke kula da shi. Kiranye yana bin mota ne, ko da ta sauya hannu sau biyar, ko da garantinta ya ƙare tuntuni.

Sakamakon Ɓoye Aibi

Wanda yake ganin kiranye abin kunya ne, sai ya dubi abin da ya sami kamfanin Takata na ƙasar Japan, mai ƙera jakar iska. Jakar iska ita ce wadda ke ɓullowa daga sitiyari idan an yi karo, ta tare kai da ƙirjin direba. Tana cika a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, domin wani sinadari da ke cikin gwangwanin ƙarfe ne yake ƙonewa nan take ya saki iska. Takata ya zaɓi sinadarin amoniyam naitiret, wanda manoma suka sani a cikin takin zamani. Sinadarin yana da araha, amma yana shan danshi. Idan ya shekara da shekaru yana shan laima, zafin rana yana gasa shi, sanyin dare yana huce shi, sai ƙwayoyinsa su lalace. Ranar da aka yi karo sai ya ƙone da saurin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su doshi fuska da wuyan wanda aka sa jakar domin ta kare shi.

Honda ya yi kiranyen farko a kan wannan matsala a shekarar 2008, na motoci kusan 4,000 kacal. Aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, har adadin jakunkunan da aka kira ya kai wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai. Fiye da mutum 25 sun rasa rayukansu a ƙasar, ɗaruruwa sun jikkata, wasu sun makance. Kamfanonin motoci 19 abin ya shafa, har da Ferrari da McLaren, abin da ke nuna cewa tsadar mota ba ta kare ta daga aibin ƙaramin sashe. A shekarar 2017 Takata ya amsa laifin zamba a gaban kotun Amurka, domin ma'aikatansa sun murɗe sakamakon gwaje-gwaje, ya amince da biyan dala biliyan 1, kuma a watan Yuni na wannan shekara ya durƙushe.

A nan ne bambancin yake. Porsche ya ga wuta sau biyu ya tsayar da motoci 785. Takata ya ga sakamakon gwaji bai yi masa daɗi ba, ya gyara alƙaluman ya bar kayan yadda suke.

Wani zai ce yabon kiranye yana iya ba kamfanoni lasisin yin gaggawa, su fitar da kaya ɗanye suna dogara da cewa za a gyara daga baya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai musun cewa rigakafi ya fi magani. Sai dai kiranye yana cin maƙudan kuɗi, kuma wannan asara ita ce take sa kamfani ya ƙara kula a karo na gaba. Idan kuma jama'a suka riƙa hukunta kamfanin da ya fito ya faɗi kuskurensa fiye da wanda ya yi gum, to sun koya wa kowa cewa shiru ya fi riba.

Ina Ruwan Mutumin Kano da Wannan?

Ƙalilan ne a Nijeriya ko Nijar suka taɓa shiga Ferrari, amma yawancin motocin da ke bisa titunan ƙasashen biyu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Turai ta Legas ko Kwatano. Dokar tarayyar Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da ke da kiranyen da ba a gyara ba. Takardar kiranye kuma tana zuwa ne adireshin wanda sunansa ke cikin rajista a can. Da zarar mota ta hau jirgin ruwa, ta fita daga lissafi, kuma wasiƙar ba za ta taɓa iske sabon mai ita a Kano ko Maraɗi ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yanayi. Hukumar NHTSA ta bayyana cewa haɗarin jakar Takata ya fi yawa a wurare masu zafi da laima, kuma yana ƙaruwa da tsufan mota. Wannan siffa ce ta Legas da Fatakwal a duk shekara, kuma siffa ce ta Arewa a lokacin damina. A shekarar 2016 hukumar ta yi gargaɗi cewa a wasu motocin Honda na shekarun 2001 zuwa 2003, ciki har da Accord da Civic, yiwuwar tarwatsewar gwangwanin tana iya kaiwa kashi 50 cikin 100. Duk wanda ya san titunan Arewa ya san yawan waɗannan motoci a kansu.

Kammalawa

Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan motar daga Amurka ta fito, ana iya shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA kyauta, a ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Aiki ne na minti biyu da ɗalibin sakandare zai iya yi wa mahaifinsa da wayar hannu. Idan an samu akwai, sai a tuntuɓi wakilin kamfanin da ke cikin ƙasa. Dokar Amurka ba ta ɗaure wakilin nan ba, amma mai mota ya san abin da ke gabansa, kuma yana da hujjar da zai kai ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ya kamata ita ma wannan hukuma, tare da hukumar kwastan, su sa binciken kiranye ya zama sharaɗi kafin a bar tsohuwar mota ta shigo.

Ga malamai kuma, akwai darasi a nan da ya wuce batun mota. Ɗalibin da ya auna abu a ɗakin gwaji ya samu adadin da bai dace da na littafi ba, yana da zaɓi biyu: ya rubuta abin da ya gani ya nemi dalili, ko ya goge ya kwafi na maƙwabcinsa. Malamin da ke ba na biyun maki ya hana na farko yana horar da irin ma'aikatan da suka murɗe alƙaluman Takata. Ya kamata ɗalibin da ya kawo sakamako mara daɗi da gaskiya ya sami cikakken makinsa, sannan a zauna da shi a binciko inda kuskuren ya fito.