Giɓin Tanki da Warin Rijiya



Duk wanda ya taɓa aiki a gidan mai ya san sandar awo. Da safe ana zura ta cikin tankin da ke binne a ƙasa, a duba lita nawa ta rage, a gwada da abin da famfo ya sayar. Idan lissafi bai cika ba, sai a ce an samu giɓi, kuma sau da yawa yaran da ke kan famfo ake tuhuma. To amma akwai ɓarawon da ba a cika tuhumarsa ba: tsatsa. Tankin ƙarfe da ya shekara ashirin cikin damshin ƙasa yakan huje, bututunsa yakan saki, mai ya riƙa tsiyaya ɗis-ɗis ba mai gani.

Me ya sa wannan ya shafi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo na jihar Kano? Saboda a yankin nan rijiya da burtsatse ne madogarar yawancin gidaje, kuma ruwan rijiya ba shi da nisa da inda ake binne tanki. Fetur ba ya nutsewa, yakan kwanta a saman ruwan ƙasa. Da damina ruwan ya taso da shi, da rani ya ja baya, ya bar shi shafe a jikin ƙasa, yana ci gaba da narkewa cikin ruwa shekara da shekaru. A cikinsa akwai sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Tafasa ruwan a ɗaki ba magani ba ne, don tururin ma shaƙarsa ake yi. Ga kuma madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda ruwanta ke gangarawa har birnin Kano.

Mun ga yadda abin ke ƙarewa a ƙasar nan. A shekarar 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai, an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyi, benzin kuwa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Can bututu ne, nan tanki, amma ƙasa ba ta bambanta su.

Gyara kuwa aiki ne ja. Sai an tono tankin, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an baza ta a killataccen fili ana gauraya ta da taki ana juyawa, har ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su cinye man. Ruwan kuma a yi ta zuƙo shi ana tacewa. Wane mai gidan mai ne a ƙauye zai iya wannan shi kaɗai? Amurka ma sai da ta kafa asusu a 1986, ana cire ɗan kuɗi kan kowane galan, domin wannan aikin kawai.

Shi ya sa nake kira ga masu gidajen mai: giɓin da ya nace kullum, a gwada tanki kafin a taɓa albashin yaro. Hukumar NMDPRA da ke ba da lasisi ta riƙa tambayar shekarun tankuna, musamman na gidajen man da aka rufe aka bar su a binne. Masu unguwanni da dagatai, kada a bari a haƙa rijiya a gindin gidan mai. Iyayenmu mata kuwa, ku ne masu fara jin warin guga. Ranar da ruwa ya zo da warin fetur, ko kuka ga maiƙo yana sheƙi a samansa, a daina sha, kada a kusanto da wuta bakin rijiyar, a sanar da mai unguwa da jami'in tsafta na ƙaramar hukuma, su kai maganar ga hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai.