MU LEƘA DUNIYA: Ruwa Ya Janye, Gishiri Ya Zauna

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Japan.

Ran 11 ga Maris 2011, wajen ƙarfe uku saura kwata na rana, aka yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, gabas da yankin Tohoku. Ƙarfinta ya kai 9 a ma'auni. Girgizar ta tunkuɗo ruwan teku, ya taso kamar ganuwa. Shi ne ake kira sunami. A wajen garin Miyako ruwan ya hau tudu kusan mita 40. Mutum kusan 16,000 suka rasu, wasu fiye da 2,500 kuwa ba a gan su ba.

To, ruwa ya janye, amma bai kwashe ɓarnarsa ba. Ya bar gishiri da laka a gonaki fiye da hekta 20,000, galibinsu na shinkafa. Kowane manomi ya san abin da gishiri ke yi wa shuka. Sai da aka kwashe tarkace, aka yi ta cika gonakin da ruwan daɗi ana malalarwa, kafin su sake karɓar iri. Wasu sun yi shekaru ba a nome su ba. Masunta kuma suka yi hasarar jirage fiye da 20,000.

Mafi muni shi ne na tashar lantarki ta nukiliya a Fukushima. Ruwa ya kashe injunan da ke sanyaya ta, tukwanenta uku suka narke, guba ta bazu. Mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Har saman ƙasar gonaki aka kankare, aka ɗura a manyan buhuna. Bankin Duniya ya ƙiyasta hasarar tana iya kai dala miliyan dubu 235.

Amma ga wani abin lura. A ƙauyen Aneyoshi, can kusa da Miyako, akwai wani dutse da kakanni suka kafa bayan sunami ya taɓa cinye ƙauyen. Suka rubuta gargaɗi a jikinsa, kada kowa ya gina gida ƙasa da wurin. Jikoki suka kiyaye. Da ruwa ya zo a 2011, bai kai ga dutsen ba, gidajensu suka tsira.

Ashe gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.