Gadar Kwara ta Anaca: Kada Sabuwa ta Sa a Manta da Tsohuwa

Kafin shekarar 1965, duk falken da ya nufi kasuwar Anaca daga Asaba sai ya jira jirgin fito a bakin Kwara. A shekarar nan ce kamfanin Dumez na Faransa ya gama gadar ƙarfe ta motoci, tsawonta kamar mita 1,400.

Hikimar gininta ita ce, an sarƙa karafanta kusurwa uku-uku, domin siffa mai kusurwa uku ba ta lauyewa muddin karafanta uku suna nan lafiya. Idan mota ta hau, waɗansu karafan su matsu, waɗansu su jawu, nauyi ya rarrabu har ya sauka bisa ginshiƙai. Saboda haka in ƙarfe guda ya raunana, sauran duka sun shiga wahala.

A 1967, cikin yaƙin basasa, aka karya sashenta na wajen Anaca, sa'an nan aka gyara. A 2023 kuwa aka buɗe gada ta biyu, ta kankare, a kudancinta.

To, abin tsoro shi ne hukuma ta yi sakaci da tsohuwar, alhali ƙarfe yana da maƙiya biyu: tsatsa da lodi fiye da kima. Tsatsa dai maganinta fenti da bincike, wannan aikin hukuma ne. Amma lodi yana wuyan fatake, masu shanu da masu albasa. Wanda ya danƙara wa mota kaya domin rage kuɗin haya, ya ci amanar jama'a. Allah Ya kiyaye, amin.