Tafin tausayi ba girmamawa ba ne

Yau rigimata da ƴan kallo ce, kuma ƴan kallon Ingila, masu cika zaurukan ƙananan garuruwa don kallon wasannin Gilbert da Sullivan. Ga wanda bai san su ba, wasannin kwaikwayo ne na barkwanci da ake yi da waƙa. Gilbert ke rubuta baitoci, Sullivan ya ɗora musu kiɗa. Tsakanin 1871 da 1896 sun yi guda 14 tare. A yau mafi yawan masu yin su ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da ƴan fansho, masu taruwa da dare bayan aiki su yi watanni suna gwaji, ba a biyansu ko sisi.

Waɗannan mutane na sara musu. Tun 1879 aka fara ba irinsu izinin yin wasannin, kuma da kamfanin D'Oyly Carte, uban gidan sana'ar, ya rufe a 1982, su ne suka riƙe ta. Babban bikin wasannin da aka fara a garin Buxton a 1994 ma, gasar ƙungiyoyin ƴan sa kai na cikin ginshiƙansa. Wanda ya raina su bai san tarihi ba. Amma mai raini ba ya cutar da su, don ko zauren ba ya shiga. Mai cutar da su yana zaune a layin gaba, yana tafi tun kafin a buɗe baki.

Mu tuna abin da waɗannan wasanni suke. Zambo ne da gugar zana ga manya. A H.M.S. Pinafore na 1878 an kawo shugaban rundunar sojan ruwa wanda bai taɓa shiga teku ba, biyayya ga jam'iyya ce ta kai shi kujerar. Shekara guda kafin nan an naɗa W. H. Smith, attajirin sayar da jaridu, a wannan muƙami, sai jama'a suka ce da shi ake, har sunan wasan ya bi shi. A Iolanthe na 1882 an yi wa majalisar masu sarautar gado tsirara. A The Mikado na 1885, wanda aka yi sau 672 a jere a Landan, an sa wa ƴan wasa tufafin Japan, amma Ingila ake zagi: ga mutum guda ya haɗa muƙamai barkatai, kowane muƙami da cin hancinsa. Wanda ya yi dariya a lokacin ya san wa aka soka.

To yanzu fa? Ɗan kallo ya haddace wasan tun yana yaro. Yana dariya kafin a kai wurin dariyar. Idan mawaƙi ya haɗiye rabin baitocin nan masu gudu da aka san Gilbert da su, ba komai, ai kowa ya san abin da ya so faɗa. Idan murya ta karye, ba komai, ai maƙwabciyarmu ce. Sai tafi raf-raf, a tashi tsaye, kowa ya tafi gida da farin ciki, ba wanda aka soka, ba wanda ya ji zafi. So hana ganin laifi. An mai da wuƙa abin ado a bango.

Za a ce mini ba su da albashi, don me za a tsananta musu? Ni kuwa na ce wannan magana ita ce rainin. Wanda ya ba da darensa na wata huɗu ya cancanci kunnen da ke bambance daren da ya yi kyau da daren da bai yi ba. Idan tafin da za ka yi wa gwanar da ta fitar da kowace kalma tsaf shi ne wanda za ka yi wa wanda ya manta baitinsa, to gwanar ka zalunta. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon kowa da kowa ba yabo ba ne, sallama ce kawai.

Kuma an ga ƙarshen wannan hanya. Har zuwa ƙarshen 1961 kamfanin D'Oyly Carte ne ke riƙe da haƙƙin wasannin a Birtaniya, kuma duk ƙungiyar da ta karɓi izini sai ta bi tsarinsa: inda za a tsaya, inda za a juya, inda za a kaɗa mafici. Masoya suka saba, suka mai da tsarin kamar farilla. Kamfanin ya yi ta shan tafi yana tsufa, har hukumar da ke tallafa wa fasaha ta ce wasanninsa sun gaji, ta ƙi ba shi tallafi. Tafin masoya bai biya albashi ba, bai kuma jawo matasa ba.

Abin da nake nema ba jifa ba ne, ba ihu ba ne. Ɗan kallo ya saurara kamar bai taɓa ji ba. Ya yi dariya inda aka ba shi dariya, ya yi shiru inda aka kasa, don shiru ma magana ce, kuma ɗan wasa na jin ta. Idan wata ƙungiya ta sabunta waƙar nan ta The Mikado mai jera mutanen da duniya za ta huta idan babu su, ta saka ministocin yau a ciki, kada a ɓata fuska a ce an taɓa kayan gado. Don haka aka yi ta. Gilbert bai rubuta wa manya waƙar reno ba, kuma malamin makarantar da ya hau dandamali ba yaro ba ne da za a shafa wa kai. A ba shi haƙƙinsa na ɗan wasa: a yi masa hukunci da gaskiya.