Su Wa Za Su Zauna Kusa da Babe Ruth?

A daren 17 ga Oktoba, 2025, a filin Dodger Stadium na birnin Los Angeles, Shohei Ohtani ya hau tudun jifa a wasan da ƙungiyarsa ke neman tsallakawa zuwa gasar ƙarshe ta World Series. A zagayen farko ya sallami 'yan Milwaukee Brewers uku da jifa, ya tuɓe safar hannu, ya ɗauki kulki, ya maka ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo. Kafin a tashi ya yi irin wannan bugu sau uku, ya sallami mutum 10, kuma ba a ci maki ko ɗaya a kansa ba a zagaye shida da ya kammala. Tun daga daren muhawarar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu sharhin besbol a Amurka ta sake zafi: a cikin waɗanda ke taka leda yanzu, su wa suka isa a jera sunansu da na gwarazan tarihi?

Ga wanda bai saba da wasan ba, gundarinsa arangama ce tsakanin mutum biyu. Majefi yana wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 160 a awa ɗaya, mai bugu kuma yana ƙoƙarin dukanta da kulki domin ya zagaya zango huɗu ya dawo gida, ya ci maki. Idan ya rasa jifa uku masu kyau, an sallame shi. Idan ya doke ta ta tsallake shingen fili, wannan shi ne homran, bugun da ya fi kowane daraja. Jifa sana'a ce, bugu wata sana'ar ce dabam, kuma kusan shekara ɗari ke nan da aka yanke cewa mutum ɗaya ba zai haɗa su ba a babbar gasar MLB, kamar yadda ba a sa ran mai tsaron raga ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo.

Tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa a wannan muhawara. Ta farko ita ce wa zai shiga Zauren Mashahurai da ke garin Cooperstown a jihar New York, inda ake buƙatar ɗan wasa ya yi kaka 10, ya yi shekara biyar da ajiye wasa, sannan ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta wasanni. Zauren yana ɗauke da 'yan wasa fiye da 270, kuma da yawa daga cikinsu sai masana ne ke tuna su. Tambaya ta biyu ta fi tsauri: wa zai shiga ƙuryar ɗakin, inda Babe Ruth da Willie Mays da Hank Aaron da Ted Williams da Walter Johnson suke zaune? 'Yan wasan yau da za su shiga zauren za su iya haura goma. Waɗanda suka cancanci ƙuryar, idan aka tsaya a ƙarshen kakar 2025, huɗu ne: Ohtani, Mike Trout, Justin Verlander da Aaron Judge. Clayton Kershaw da ya zama na biyar, amma ya ajiye wasa a ƙarshen wannan kakar.

Masu riƙon al'ada za su ƙi wannan jeri, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Da can akwai lambobi uku da ke zaman hatimi: bugu mai nasara 3,000, homran 500, ko nasara 300 ga majefi. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da ya kai ɗayansu. Sai dai waɗannan lambobi tsawon rai suke aunawa fiye da fifiko, kuma an kafa su ne a wani yanayin da ya shuɗe. Cy Young, wanda aka raɗa wa kyautar gwarzon majefa sunansa, ya tara nasara 511 a zamanin da majefi ke fara wasa ya ƙarasa shi da hannunsa. A 1968 Bob Gibson ya kammala wasa 28 shi kaɗai. Yau koci kan cire majefi a zagaye na biyar ko na shida ya miƙa sauran ga jerin masu jifan gaggawa, har wanda ya fi kowa kammala wasa a kaka bai cika wuce biyu ko uku ba. Randy Johnson ne na ƙarshe da ya kai nasara 300, a 2009, kuma da wuya a sake ganin wani nan kusa. Wanda ya dage sai da wannan lamba ya riga ya rufe ƙofa ga duk majefan da za a haifa.

Akwai kuma abin da masu kewar zamanin da ba sa son a taɓo. Ruth ya buga homran ɗinsa 714 a gasar da aka haramta wa baƙar fata. Sai ranar 15 ga Afrilu, 1947, Jackie Robinson ya karya wannan shinge. Ruth bai taɓa fuskantar Satchel Paige a wasan gasa ba, bai fuskanci 'yan Jamhuriyar Dominika da Venezuela da Japan da suka cika filaye yau ba. Da hukumar MLB ta shigar da alƙaluman gasannin baƙar fata cikin kundinta a 2024, sai ga Josh Gibson ya ture Ty Cobb daga saman jerin masu yawan nasarar bugu. Wannan bai rage wa Ruth komai ba, amma ya nuna cewa kundin da ake rantsuwa da shi rubutun mutane ne. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne a tambaya: wane irin rata mutum ya bai wa tsararsa, kuma shekara nawa ya riƙe ratan?

A kan wannan ma'auni, shari'ar Ohtani ta ƙare, ko da yake a ƙa'ida bai ma cancanci a jefa masa ƙuri'a ba, domin kaka takwas kacal ya yi tun zuwansa daga Japan a 2018. Ya lashe kambun gwarzon shekara sau huɗu, a 2021 da 2023 da 2024 da 2025, kowane karo ba tare da ko mai ƙuri'a ɗaya ya saɓa ba. Barry Bonds kaɗai ya fi shi, da bakwai. A 2022 ya ci nasara 15 a matsayin majefi, ya sallami mutum 219, ya kuma buga homran 34. A 2024, lokacin da tiyatar gwiwar hannu ta hana shi jifa ɗungurungum, sai ya karkata ga gudu: homran 54 da satar zango 59, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa. Ana yawan kwatanta shi da Ruth, amma kwatancen bai yi masa adalci ba. Ruth ya haɗa sana'o'in biyu da gaske a 1918 da 1919 ne kawai, kuma da ya koma Yankees sau biyar kacal ya sake hawa tudun jifa. Idan ana neman magabatan Ohtani na haƙiƙa, sai a duba Bullet Rogan na Kansas City Monarchs da Martín Dihigo ɗan Cuba, waɗanda launin fatarsu ya hana su babbar gasa. Abin da za a iya riƙe wa Ohtani shi ne cewa ba ya tsaron fili a ranakun da ba ya jifa, kuma an yi wa hannunsa tiyata sau biyu. Gaskiya ne. Amma ko gobe ya rataye kulki, ya riga ya yi abin da aka yi ƙarni guda ana cewa ba ya yiwuwa.

Mike Trout shi ne wanda ya fi buƙatar mai kare shi, domin duniya ta fara mantawa da shi tun yana fili. Daga 2012 zuwa 2019 ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon shekara sau bakwai cikin takwas, ya lashe uku. Masana alƙaluma suna da ma'aunin da suke kira WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa idan aka kwatanta da wani gama-garin da za a iya ɗauko daga ƙaramar gasa. A 2019, yana da shekara 28, Trout ya riga ya wuce abin da Derek Jeter ya tara a kaka 20. Daga nan jiki ya fara cin amanarsa: wasa 36 a 2021, wasa 29 a 2024, alhali kaka tana da wasa 162. Ya kai homran 400 a Satumbar 2025, ba tare da wani gangami ba.

Babban abin da ake yi masa gori da shi shi ne rashin kofi. Wasa uku kawai ya taɓa bugawa a zagayen fitar da gwani, a 2014, kuma Kansas City Royals ta cinye duka ukun. Wannan gori ya fi dacewa da ƙwallon kwando, inda tauraro ɗaya kan riƙe ƙwallo a kowane hari. A besbol mai bugu yana jiran layinsa ne cikin mutum tara, ya samu dama huɗu ko biyar a wasa. Los Angeles Angels ta mallaki Trout da Ohtani tare tsawon kaka shida, kuma ba ta gama ko ɗaya da nasarori fiye da rashin nasara ba. Laifin wannan yana wuyan masu ƙungiya. Ted Williams bai taɓa cin World Series ba, Ernie Banks kuwa bai taɓa leƙa zagayen fitar da gwani ba, kuma babu wanda ya ce a fitar da su.

Verlander ya fi sauƙin bayani. Kyautar Cy Young uku, kambun gwarzon shekara a 2011, abin da majefa ba su cika samu ba, wasa uku da ya kammala ba tare da an buga masa ko ɗaya mai nasara ba, da mutum fiye da 3,500 da ya sallama. Abin da ya ɗaga shi sama da takwaransa Max Scherzer, wanda shi ma yana da Cy Young uku, shi ne 2022: bayan tiyatar da ta cinye masa kusan kaka biyu, ya dawo yana da shekara 39 ya zama majefin da ya fi kowa a rukuninsa. Nasarorinsa 266 a wannan zamani sun fi 300 na da wahalar samu.

Judge ne mai rigima. Bai kafu a gasar ba sai yana da shekara 25, don haka jimillar homran ɗinsa 368 ba ta kai rabin ta Bonds ba. Bai ci kofi ba, kuma magoya bayan Yankees ba su manta ƙwallon da ta suɓuce masa a wasa na biyar na World Series ɗin 2024 ba. Amma ga ɗaya gefen: homran 62 a 2022, wanda ya goge tarihin Roger Maris na 1961 a rukunin American League; kambun gwarzon shekara uku cikin kaka huɗu; da kaka huɗu da ya haura homran 50. Mutum uku ne kawai suka yi hakan kafin shi, Ruth da Mark McGwire da Sammy Sosa. McGwire ya amsa da bakinsa a 2010 cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, zargin kuma ya bi Sosa har yau, alhali Judge ya yi nasa ne a zamanin gwaji mai tsanani. Hanyar shigarsa ita ce wadda Sandy Koufax ya buɗe: Koufax ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30 da nasara 165 kawai, amma 'yan shekarun ganiyarsa sun isa. Idan an karɓi Koufax da gajeren zango mai tsananin haske, babu dalilin juya wa Judge baya, ko da yake kujerarsa ce ta fi kusa da ƙofa.

Sauran kuwa zaure ya ishe su, kuma wannan ba raini ba ne. Mookie Betts yana da kofi huɗu da kambun 2018, ya kuma bar tsaron bayan fili ya koma tsakiyar fili bayan ya haura shekara 30, abin da kusan ba a yi. Freddie Freeman ya ƙare wasan World Series da homran a shekara biyu a jere. Bryce Harper yana da kambu biyu. Kowannensu gwani ne, sai dai babu wanda ya riƙe matsayin zakaran gasar gaba ɗaya na shekaru masu yawa a jere. Jose Altuve yana da nasa tabon: a 2017, shekarar da ya ci kambu da kofi, ƙungiyarsa Houston Astros tana satar alamun majefan abokan hamayya da kyamara, tana isar da saƙo ta hanyar dukan kwandon shara. Hukuma ba ta hukunta 'yan wasan ba, amma marubutan da suka hana Bonds da Roger Clemens kashi 75 har wa'adinsu ya ƙare a 2022 ba su da saurin yafiya. Verlander ma yana cikin wannan ƙungiya a ƙarshen kakar, kuma ko da yake majefi ba ya amfana kai tsaye da satar, zoben 2017 da ke hannunsa bai kai na 2022 tsarki ba.

Wanda ya fi dacewa a sa wa ido shi ne Juan Soto, ɗan Jamhuriyar Dominika. Ya ci kofi da Washington Nationals a 2019 yana ɗan shekara 21, kuma ya gama kakar 2025 da homran 244 kafin ya cika 27, ga idon da ke bambance jifa mai kyau da marar kyau har ake ambaton Ted Williams idan ana maganarsa. Bai taɓa lashe kambun gwarzon shekara ba tukuna. Kwantiragin dala miliyan 765 da ya sa wa hannu da New York Mets zai kai shi har 2039, lokacin yana da shekara 40.