A Rubuta Rabon Jama'a Kafin A Sayar Da Bakin Kogi

A birane da dama na duniya, hukumomin wuta da na ruwa ne suka riga kowa mallakar filayen bakin kogi. Dalilin a fili yake: tsohuwar tashar lantarki tana buƙatar ruwa mai yawa domin sanyaya injuna, matatar ruwan sha kuwa tilas ta kusanci inda take ɗiba. Idan zamani ya juya aka rufe tashar, sai birni ya wayi gari da fili mai tsada a tsakiyarsa, an kewaye shi da katanga, ƙasarsa ta gurɓata, takardunsa kuma suna hannun wata hukuma. Daga nan ake gane ko masu mulki sun ɗauki dukiyar jama'a a matsayin amana.

Birnin Ostin, fadar jihar Teksas ta Amurka, ya bi wannan hanya. An gina tashar lantarki ta Seaholm a shekarun 1950 a gefen Kogin Kolorado, ƙarƙashin kamfanin wutar da birnin ya mallaka. Ta daina samar da wuta a 1989. A 1996 majalisar birnin ta yanke shawarar a kwance injunan amma a bar ginin domin a sake amfani da shi. Sai da aka shafe shekaru ana kwashe guba daga ginin da ƙasar da ke kewaye da shi, musamman sinadaran da ake zubawa a man taransifoma na da. Ba a fara sabon gini ba sai 2013. A yau akwai gidaje da shaguna da dandali a wurin, kuma a 2017 aka buɗe babban ɗakin karatu na birnin a kusa da shi. Duk da haka akwai abin da ya ci wa mazauna tuwo a ƙwarya: babban zauren injunan, wanda aka daɗe ana fatan zai zama wurin taruwar jama'a, ya koma ofisoshin kamfani mai zaman kansa.

A Lansin, fadar jihar Mishigan, hukumar ruwa da wuta ta birnin ta rufe tasharta ta Titin Ottawa da ke bakin Kogin Grand a 1992. Ginin ya daɗe yana jiran mai so, har aka cimma yarjejeniya tsakanin birnin da hukumar da wani kamfanin inshora, wanda ya mayar da shi hedikwatarsa a 2011. Kafin nan sai da hukumar ta ɗauke na'urorin sanyaya ruwa da ta girka a ciki zuwa wani wuri, aka kuma bar hanyar ƙafa a gefen kogin a buɗe ga kowa.

Abin lura a misalan biyu shi ne, ko a inda birni da hukumar wuta suke ƙarƙashin inuwa ɗaya, aikin ya ci kusan shekara ashirin ko fiye. Hukumar wuta tana duba asusunta da masu biyan kuɗin wuta, ba ta son ta yi asarar kadara ko ta ɗauki nauyin tsabtace fili ita kaɗai. Hukumar birni tana duba haraji da ayyukan yi da kyan gari. Mai zuba jari yana duba ribarsa. Talaka da ke son ya isa bakin ruwa da iyalinsa ba shi da kujera a teburin, don haka rabonsa ba ya tabbata sai an rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko. Abin da aka bari a kan fatar baki, kamar zauren Seaholm, shi ne ya fara salwanta.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Tashar Ijora da ke Legas, wadda aka buɗe a 1923, da tashar kwal ta Oji River a jihar Enugu, duk sun daɗe da yin shiru. Bayan sayar da kamfanonin da aka fitar daga PHCN a 2013, kadarori masu yawa da ba su shafi samar da wuta kai tsaye ba sun koma hannun NELMCO domin a sayar a biya basussuka. A nan Abuja ma, Tafkin Jabi asalinsa madatsa ce da aka gina don bai wa sabon birnin ruwan sha kafin a kammala madatsar Usuma, ga shi yau gefensa na cikin filayen da idon kowa ke kai.

Matsalarmu ta fi ta Amurka sarƙaƙiya, domin masu iko da bakin ruwa sun yi yawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Dokar hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa na tarayya. Taƙaddamar da ke tsakanin hukumar da gwamnatin Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Janairun 2024 cewa ikon hanyoyin ruwan na tarayya ne. Inda hukumomi uku ko huɗu ke ba da izini a kan fili ɗaya ba tare da zama tare ba, ɓaraka ce ke samuwa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka wannan jarida ke kira da a kafa ƙa'ida kafin a sayar ko a ba da hayar duk wani filin hukuma da ke bakin ruwa. A fara da tsari guda ɗaya wanda hukumar da ke riƙe da filin da hukumar tsara birni da NIWA suka sa wa hannu. A gwada ƙasar, a wallafa sakamakon, a fayyace wanda zai biya kuɗin tsabtace ta. A rubuta faɗin hanyar jama'a ta gefen ruwa a cikin takardar mallaka, yadda sauyin gwamnati ba zai shafe ta ba. A yi la'akari da iyakar ambaliya, domin abin da Lokoja da Makurdi suka gani a 2012 da 2022 ya isa ishara. A kuma yi gwanjo a bainar jama'a, a bayyana farashi da sunan wanda ya saya.

Galibin irin waɗannan yarjejeniyoyi a teburin daraktoci da mataimaka na musamman ake tsara su, kafin su isa gaban minista ko gwamna. Sakin layi ɗaya da jami'i ya dage a saka zai iya tsare wa jikokinmu hanyar zuwa bakin kogi. Idan aka bari siminti ya bushe, babu takardar da za ta dawo da ita.