Bafaranshen da Ya Tsara Kiɗan Fim ɗin Umar Mukhtar

Da wuya a samu wani a cikinmu da bai kalli The Message ko fim ɗin Umar Mukhtar ba. Mun san Anthony Quinn, wanda ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, ya kuma fito a Umar Mukhtar. Amma a tambaye mu wa ya tsara kiɗan, sai a ji tsit. Mu a ganinmu wannan ba adalci ba ne.

Sunansa Maurice Jarre. An haife shi a birnin Liyon na ƙasar Faransa a 1924. Da farko karatun injiniya ya fara, sai ya bari ya koma makarantar kiɗa ta Paris, duk da mahaifinsa bai so ba. A can ya ƙware a kan ganguna. Ya yi shekaru yana shugabantar kiɗa a wani babban gidan wasan kwaikwayo kafin duniya ta san shi a 1962 da fim ɗin Lawrence of Arabia. Ya ci lambar Oscar har sau 3. Ya rasu a Amurka a 2009.

Wani zai ce ai kiɗan fim ado ne kawai, ko babu shi labari zai tafi. To, a duba The Message na 1976. Darakta Mustafa Akkad bai nuna Manzon Allah (SAW) ba, bai kuma sa wani ya yi muryarsa ba, saboda girmamawa. Idan labari ya zo inda yake, sai wani sauti mai sanyi ya taso a hankali, mai kallo ya gane, ya natsu. Ke nan wuri mafi nauyi a fim ɗin an ɗora shi a kan mai kiɗa. Da ya cika hayaniya, da ya ɓata komai. Wannan ba ado ba ne, aiki ne.

Laifinmu shi ne da zarar sunaye sun fara hawa a ƙarshen fim sai mu kashe. Haka muke yi wa finafinan Hausa ma: mun haddace jarumai da mawaƙa, wanda ya kwana a situdiyo yana haɗa sautin kuwa ko oho.

Muna roƙon malamanmu, ranar da za a nuna mana fim a makaranta, a bar sunayen su gama wucewa, ko da an buga ƙararrawa.